Babi na Biyar: Dangin ciwon hanta da ke cikin jinin Sakkwatawa

A Sakkwato mutane da dama ba sa sanin suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta sai ranar da suka je bayar da jini. Matar yaya ta haihu ta zubar da jini a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, ko an kwantar da tsoho a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za a yi masa aiki, likita ya ce a kawo leda biyu. Samarin gida majiya ƙarfi su yi layi a ƙofar ɗakin gwaji. Can sai ma'aikaci ya leƙo, ya ja ɗayansu gefe.

"Malam, naka ba zai yiwu ba. Ka daure ka ga likita."

Saurayin da ya manta rabonsa da zazzaɓi sai ya koma gida da 'yar takarda mai ɗauke da haruffa biyar, HBsAg, da alamar cewa an same shi. Idonsa bai yi rawaya ba, ba ya jin ciwon komai, shi ya sa yakan rantse an yi kuskure. Takardar ba ta gaya masa yaushe ƙwayar ta shige shi ba, ba ta kuma faɗi ko wace iri ce ba. Amma wanda ya san labarin cutar a Afirka ta Yamma zai iya yin hasashen da ba zai yi nisa da gaskiya ba: ƙwayar 'yar dangin E ce, kuma ta shiga jikinsa tun kafin a kai shi makarantar allo.

Irin wannan saurayi yana da yawa. Babban binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018, wanda aka fi sani da NAIIS, ya gano cewa kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar hanta nau'in B: kashi 10.3 a maza, 5.8 a mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke rayuwa da ita, ta kuma kashe kimanin miliyan 1.1 a wannan shekara kaɗai.

Tun da masani Baruch Blumberg ya ci karo da alamar ƙwayar a 1965, an daɗe ba a san dangoginta ba. Sai a 1988 wani masanin Japan, Hiroaki Okamoto, da abokan aikinsa suka jera rubutun gadon ƙwayoyi daga ƙasashe dabam-dabam suka gwada. Rubutun gajere ne, haruffa kusan 3,200. Suka ga cewa wasu sun sha bamban da wasu da kashi 8 cikin ɗari ko fiye, sai suka kasa su gida huɗu, A, B, C da D. Daga baya aka ƙara E da F, aka yi ta ƙari har aka kai J. Waɗannan haruffa ba su da dangantaka da AA da AS da SS da ake dubawa kafin aure saboda sikila. Wancan gadon mutum ne, wannan gadon ƙwayar cutar ce.

Kowane dangi da inda ya kafa sansani. B da C sun mamaye Sin da Taiwan da Japan da Koriya. D ya riƙe ƙasashen Larabawa da gaɓar Bahar Rum da Indiya. F da H na asalin mutanen nahiyar Amurka ne. A ya rabu: reshen A2 yana arewacin Turai, A1 yana gabashi da kudancin Afirka, akwai kuma wasu tsoffin rassa a yammacin Afirka da tsakiyarta. Shi kuwa E, daga Senegal ya miƙe ya bi ta Mali da Nijar da Nijeriya, ya gangara har Angola da Namibiya.

Sakkwato tana kusa da inda ƙasar E ta yi iyaka da ƙasar D, kuma ƙwayar cuta ba ta tsayawa a shingen Illela ta nuna takarda. A 2010 wasu masu bincike, ciki har da Abdou Chekaraou, suka duba jinin masu bayar da jini a Yamai. Yawanci E suka samu, kamar yadda aka zata. Amma a wasu sun tarar da ƙwayar da wani ɓangarenta D ne, wani ɓangaren E, wato dangi biyu sun haɗu a hantar mutum ɗaya sun haifi ruwa-biyu. An samu irin wannan gauraye a Sudan ma, inda D da E ke zaune tare. Wanda ya san hanyar fatake daga Ƙonni zuwa Tawa da Agadas, da tsohuwar hanyar alhazai ta ƙasa da ta bar garuruwan Hausawa da Fulani irin su Mai Wurno a bakin kogin Nilu, ba zai yi mamakin wannan taswira ba.

Abin mamakin yana wani wuri. Ƙwayar hanta nau'in B tsohuwa ce ƙwarai, an tono ta a ƙasusuwan mutanen da suka mutu shekara dubu bakwai zuwa dubu goma da suka wuce. Dangin da ya daɗe yana yawo a cikin mutane yakan yi rassa, kamar zuri'ar da ta bazu har jikoki ba sa gane juna. A yana da rassa, B da C da D duk haka. E kuwa babu. Idan aka ɗauko shi daga Dakar aka ɗauko daga Luwanda, bambancin da ke tsakaninsu bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Ƙwayar da ta mamaye kusan sulusin Afirka amma ba ta yi reshe ba, alama ce ta cewa yaɗuwarta ba ta daɗe ba.

Cinikin bayi ya ba da wata shaidar. An kwashe miliyoyin mutane daga yammacin Afirka aka tsallaka teku da su har cikin ƙarni na 19. Da E ne ke cikin jininsu a lokacin, da yau ya cika Haiti da Barazil. A 2009 wata tawagar masana daga Luksambur ta duba jinin mata masu ciki a Haiti, inda kusan kowa jikan 'yan Afirka ne. Mafi yawa dangin A suka samu, har da wani reshe da ba a cika gani ba sai a Nijeriya. E kaɗan ne ƙwarai. A 2020 kuma aka binciki ƙasusuwan wasu 'yan Afirka uku da aka binne a birnin Meziko a ƙarni na 16, aka samu ƙwayar hanta a jikin ɗayansu, ita ma 'yar dangin A. Ke nan a zamanin da Shehu Usmanu ke wa'azi a Ɗegel, da alama A ne ke da rinjaye a yammacin Afirka. E ya taso daga baya, ya ture shi.

Me ya ba shi wannan gudu? Joseph Forbi da abokan aikinsa sun nazarci ƙwayoyin E daga wasu ƙauyuka biyu na Nijeriya, suka wallafa a 2010 cewa kakan waɗannan ƙwayoyi bai wuce tsakiyar ƙarni na 20 ba, kuma daga nan yawansu ya yi tashin gwauron zabo. Wannan lokaci ya zo daidai da zamanin allurar gayya. Turawan mulki, Ingilishi da Faransawa, sun yi ta tara jama'a a ƙofar hakimai ana yi musu lamba saboda agana, ana yi musu allurar ciwon barci da wasu cututtukan fata, da sirinji ƙalilan da ake maimaitawa daga wannan hannu zuwa wancan. Masana da dama suna ganin a nan E ya samu abin hawa. Hasashe ne mai ƙarfi, kuma yana da ɗan'uwa da aka tabbatar: a Masar, allurar maganin tsargiya da aka yi wa miliyoyin manoma daga shekarun 1950 zuwa wajen 1980 ita ce ta bar ƙasar da ciwon hanta nau'in C fiye da kowace ƙasa a duniya a wancan zamani.

Wajibi ne a tsaya a nan, domin a ƙasar da aka taɓa ƙaurace wa allurar shan-inna, irin wannan labari yana iya faɗawa hannun da bai dace ba. Laifin ba na maganin da ke cikin sirinjin ba ne, na bakin allurar da aka maimaita ne. Waɗancan kamfe sun yi aikinsu, tun 1970 ba a sake ganin agana a Nijeriya ba. Sirinjin riga-kafin yau sau ɗaya ake amfani da shi ya kulle kansa. Inda tsohon haɗarin ya rage shi ne ɗakin mai kemis da ke yi wa unguwa guda allura, da jakar mai yawo da magani a kasuwar ƙauye.

Dangin ƙwayar yana da hannu a hanyar da take bi ta kama mutum, kuma sirrin yana cikin wata alama da likitoci ke kira HBeAg. Muddin tana cikin jini, ƙwayar tana hayayyafa da ƙarfi, mai ita kuma yana saurin harbin wani. Bayan wasu shekaru jiki yakan kawar da alamar, yawan ƙwayar ya ragu. Shekarun da hakan ke ɗauka sun danganta da dangi. An fi ganin wannan a fili a Alaska, inda dangi biyar ke zaune a cikin al'umma guda. Binciken da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa rabin masu A da B da D da F sun rabu da alamar kafin su cika shekara 20, amma masu C sai da suka kusa 48.

Ma'anar wannan ga mace ba ɓoyayyiya ba ce. 'Yar Sin ko 'yar Koriya mai dangin C takan yi duk haihuwarta alamar tana jikinta, kuma idan ba a yi wa jaririn komai ba, bakwai zuwa tara cikin goma na irin waɗannan jarirai sukan kamu. Shi ya sa a gabashin Asiya cutar ta zama abin da uwa ke miƙa wa ɗa ranar haihuwa. A yammacin Afirka yawancin mata sun riga sun rabu da alamar kafin cikin fari. Binciken da aka yi a ƙauyukan Gambiya tun farkon shekarun 1980 ya nuna jarirai ƙalilan ne ke kamuwa a watannin farko, sai daga yaye zuwa shekara biyar adadin ya yi sama. Yaro ne ke ba yaro, wa ya ba ƙane.

Ba ta abinci take bi ba, ba ta musabaha ko cizon sauro ba, kuma nonon uwa ba ya ɗaukarta. Jini take bi, ko da ɗigon da ido ba ya gani, tana kuma iya yin kwana bakwai a busasshen jini a kan ƙarfe ba ta mutu ba. A gidan da yara goma ke kwana a tabarma ɗaya, da ƙazuwa da ƙuraje da gyambon da ake sosawa, hanyoyin sun yi yawa. Ga reza ɗaya da ake yanke wa kowa farce. Ga kuma ƙarfen wanzami, wanda yaron Bahaushe ke haɗuwa da shi tun makonsa na farko a duniya: cire beli, askin suna, tsagar gado a gidajen da ba su daina ba, sannan kaciya lokacin sanyi, wadda a da akan tara yaran unguwa a yi musu rana ɗaya. Wanzamai da yawa a cikin birni yanzu sabuwar reza suke ɓarewa a gaban mai gida, wasu iyayen ma su ke sayowa. Amma ƙarfen cire beli da ƙahon tsotsar jini ba a sayar da sabonsu a shago.

Shekarun kamuwa su ne ke yanke hukunci. Babban da ƙwayar ta shiga, fiye da kashi 95 cikin ɗari jikinsa yakan kore ta, ko da ya yi shawara ya kwanta. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, kusan ɗaya cikin uku takan zauna masa har abada. Jariri sabon haihuwa kuwa, tara cikin goma.

A kan abin da cutar ke yi wa hanta, an san wasu dangin fiye da wasu. C ya fi B kai mutum ga ƙeƙashewar hanta da ciwon daji. A Afirka ta Kudu, Michael Kew da abokansa sun nuna a 2005 cewa masu dangin A, wanda a can reshen A1 ne, sun fi sauran haɗarin dajin hanta ninki huɗu da rabi, kuma yana kama su da ƙuruciya. A Alaska dangin F ne ke haddasa daji ga matasa. A biranen Japan reshen A2 na Turai ya shigo ta hanyar jima'i, aka kuma lura ya fi dangin gida zama a jikin manya. Allurar intafiron ta fi yi wa masu A da B aiki a kan masu C da D.

E fa? Shi ne aka fi yi wa ƙarancin bincike cikin manyan dangin, duk da miliyoyin da ke ɗauke da shi, kuma dalilin bai wuce cewa masu shi talakawa ne, suna zaune nesa da manyan ɗakunan gwaji. Mafi kyawun abin da ake da shi ya fito daga Gambiya, inda aka bi mutanen wasu ƙauyuka shekaru da dama aka wallafa sakamakon a 2016. An ga cewa masu A sun fi masu E samun tabo a hanta. Amma wani abin da binciken ya tono ya fi wannan nauyi. Waɗanda suka samu ƙwayar daga uwa ba su wuce kashi 16 cikin ɗari na masu ɗauke da ita ba, sai dai su ne kusan kashi 63 na waɗanda hantarsu ta kai ga buƙatar magani. Hanyar da aka daɗe ana rainawa a Afirka, ana cewa matsalar Asiya ce, ita ke cika gadajen asibiti.

Akwai kuma abokin tafiya da ba ya cikin jini, yana cikin rumbu. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi sukan yi fumfuna mai fitar da gubar afalatoksin. Ita kaɗai tana jawo dajin hanta, idan kuma ta tarar da ƙwayar B a can, haɗarin ninkuwa yake yi sau da yawa. Gyaɗar da aka tsince aka ware saboda ta lalace ba zubarwa ake yi ba, sau da yawa ita ke komawa ƙuli-ƙuli da mai. Sakamakon haɗuwar nan yana bayyana a shekarun marasa lafiya. Wani bincike na 2017 da ya haɗa asibitocin ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya, ya nuna cewa in aka cire Masar, rabin masu dajin hanta ba su haura shekara 46 ba, kuma rabinsu sun rasu cikin wata biyu da rabi bayan an gano cutar. Magidanta ne masu 'ya'ya ƙanana, sukan iso da kumburin ciki bayan an gama zagaya masu jiƙe-jiƙen shawara, wani lokaci ana zargin sammu.

To shin ya kamata mai ɗauke da ƙwayar a Sakkwato ya nemi a gwada masa dangi? A halin da ake ciki, a'a. Gwajin yana da tsada, ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, kuma ba zai sauya maganin da za a rubuta masa ba. Tenofovir da entecavir, ƙwaya ɗaya a rana, suna danne kowane dangi. Ba sa kawar da cutar gaba ɗaya, amma suna hana ta cin hanta. Kuɗin da ke hannu ya fi amfani a gwajin yawan ƙwayar a jini, da gwajin aikin hanta, da hoton ciki duk wata shida ga wanda likita ya ga yana cikin haɗari. A watan Maris na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara magani domin a iya yanke shawara da gwaje-gwaje masu sauƙi. Sanin dangi aikin masu bincike ne, kuma a nan akwai gurbin da jami'o'in Arewa ya kamata su cike da kansu.

Allurar riga-kafi ma ba ta tambayar dangi. An ƙera ta ne daga reshen A2 na Turai, amma tana kare mutum daga E. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, dajin hanta na yara ya ragu a can. Gambiya ta fara a 1986, kuma yawan yaran da ƙwayar ke zaune musu ya faɗi ƙasa warwas a ƙasar da E ke mulki. Nijeriya ta shigar da ita jadawalin yara a 2004: ɗaya ranar haihuwa, sai a mako na 6 da na 10 da na 14, waɗanda tun 2012 ake bayarwa a haɗe cikin allurar fenta.

A takarda ke nan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 5 cikin ɗari kacal na yaran Jihar Sakkwato suka samu cikakken riga-kafi, mafi ƙaranci a Nijeriya, alhali a Anambara kashi 76 ne. A lokacin, haihuwar asibiti a jihar ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Allurar farko kuwa, wadda ke tare hanyar uwa zuwa ɗa, ana son ta cikin awa 24. A wannan awa 24 mai jego tana ɗaka, ungozoma ta yanke cibi, ana dafa ruwan wanka, mai fari ma tana gidan iyayenta. Ba wanda zai ɗauki jaririn da ko suna ba a raɗa masa ba ya hau babur da shi zuwa asibiti.

Wata dabara da aka gwada a jihar ta juya matsalar ta zama hanya. An horar da wanzamai su riƙa ba iyayen jariri katin rawaya na turawa asibiti idan sun je aikinsu, tunda babu haihuwar da ke wuce su. Rahoton da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa matan da suka karɓi katin sun fi sauran kai jarirai allurar haihuwa ninki biyu zuwa uku. Maganar wanzami tana shiga inda ta ma'aikacin lafiya ba ta shiga, domin shi ya yi wa uban yaron kaciya. Sarakuna ma sun shigo tun 2009, lokacin da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar.

Sai dai katin wanzami yana da iyaka. Idan sai kusa da suna ya iso gidan, allurar za ta kare yaron daga rezar gida da ƙurajen yayyensa, amma ta makara ga ƙwayar da ya ɗauka daga uwa. Wannan sai an gwada mace tun tana awon ciki, a ba mai yawan ƙwaya tenofovir a watannin ƙarshe, sannan allura ta iske jaririn a ɗaki ranar da aka haife shi. Indunusiya ta yi haka tun shekarun 1990, ungozomomin ƙauye suna yawo da allurar da aka riga aka ɗura, mai jure zafi na wasu makonni ba tare da firji ba. Sakkwato ma ta taɓa kai magani har ɗakin mai jego: a 2013 ita ce jiha ta farko a Nijeriya da ta fara raba man kulohezidin na shafa wa cibiya, ta hannun masu ajiyar magani da aka zaɓa a cikin unguwanni. Bambancin shi ne man cibiya kowa na iya shafawa, allura kuwa sai ma'aikacin da aka horar, wanda dole labarin haihuwar ya same shi kafin gari ya sake wayewa.